Gwanintar Karanta Annabcin Ƙarshen Zamani

Duk sa'ad da duniya ta rikice, littafi na ƙarshe a cikin Littafi Mai Tsarki shi ne yake fara shan hannu. Wahayin Yahaya ke nan, wanda masu riƙe da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 suka sani da Ru'ya ta Yohanna. Yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, sai ka ji an ce ai yana nan a sura kaza. Da annobar korona ta zo a 2020, saƙonni suka yi ta yawo a WhatsApp wai allurar rigakafi ita ce alamar dabbar nan mai lamba 666. Kafin ita, katin cirar kuɗi da layukan da ake bugawa a jikin kayan kanti sun sha wannan zargi, daga baya aka manta da su. Irin wannan karatu ba ya bukatar komai sai tsoro da saurin baki.

Akwai wani karatun daban, mara hayaniya, shi ya sa ba a cika jin labarinsa ba. Shi ne na malamai da fastocin da suka ɗauki fassarar annabci a matsayin ilimi mai ƙa'ida, suka koya daga na gaba da su, suka kuma san inda saninsu ya tsaya. In ka zauna gaban irin wannan mutum yana buɗe littafin, za ka tashi da natsuwa da ƙarfin zuciya. Wannan gwaninta ta cancanci yabo, ya kuma kamata a san yadda take aiki, domin Kirista ya iya bambance gwani da mai kame-kame. Maƙwabcinsa Musulmi ma, wanda yake jiran dawowar Annabi Isa bisa koyarwar addininsa, zai so ya ji abin da masanan Kirista suke faɗa da bakinsu.

Tambayar da gwani yake fara yi ita ce: wa aka rubuta wa? Littafin wasiƙa ce da Yahaya ya aika daga tsibirin Batmusa, cikin tekun da ke tsakanin Girka da Turkiyya, zuwa ga ikkilisiyoyi bakwai a yammacin Turkiyya ta yau. Iraniyus, wani malamin Kirista da ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya ce an ga wahayin gab da ƙarshen mulkin Domishiyan, sarkin Rum da ya mutu a shekara ta 96. William Ramsay, wani masani ɗan Skotlan da ya yi shekaru yana tattaki a wannan ƙasa, ya nuna a littafinsa na 1904 cewa jerin sunayen garuruwan bin hanya ne. Manzo zai tashi daga Afisa a bakin teku, ya yi arewa zuwa Samirna, wato Izmir ta yanzu, ya wuce Birgamas, sannan ya juyo kudu maso gabas ta Tayatira da Sardisu da Filadalfiya, ya sauke kaya a Lawudikiya. Mutane ne na gaske, masu kasuwa da gonaki da masu mulki a kansu, aka tara su aka karanta musu wasiƙar da ƙarfi. Duk fassarar da za ta zama shirme a kunnensu, gwani yana ɗari-ɗari da ita tun daga farko.

Dubi yadda wannan ƙa'ida take haska saƙon Sardisu. An gargaɗe su da su farka, in ba haka ba Almasihu zai zo musu a lokacin da ba su zata ba, irin zuwan ɓarawo. Wanda ya san tarihin garin zai gane zafin maganar. Kagarar Sardisu a kan dutse mai tsayi take, gangarensa ya miƙe har mutanen garin suna ganin ba mai iya hawa. Marubucin tarihi Hirodotus ya ba da labarin yadda sojojin Sairus na Farisa suka kewaye ta: wani soja ya hangi ɗan gadi ya sauko ta gefen dutsen don ya ɗauko hularsa ta ƙarfe da ta faɗi, ya lura da inda yake sa ƙafa, washegari ya bi ta nan, 'yan'uwansa suka biyo shi, gari ya ciwu. Fiye da shekara 300 bayan haka, a zamanin sarki Antiyokus na Uku, aka sake cin garin ta wurin da ba a sa masu gadi ba. Sau biyu sakaci ya ba da Sardisu. Wanda aka haifa a can bai bukaci a yi masa dogon bayani ba.

Haka ma Lawudikiya. A lokacin, gari ne na masu hannu da shuni, sananne da harkar kuɗi, da baƙin ulu mai taushi, da makarantar likitanci a yankin da ya yi suna wajen maganin ido. Girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60, marubucin tarihi Tasitus kuma ya rubuta cewa mutanen garin sun sake gina shi da aljihunsu, ba su karɓi taimakon Rum ba. To, wannan ikkilisiya ce aka ce wa matalauciya ce, tsirara take, makauniya ce, aka shawarce ta ta nemi zinariya da fararen tufafi da maganin ido daga wurin Almasihu. Abubuwa ukun da suke tinƙaho da su, a nan aka taɓa su. Sai maganar da aka yi musu cewa su tsaka-tsaki ne, ba zafi ba sanyi, wadda masu wa'azi da yawa suke juyawa su ce gara mutum ya bar bangaskiya ɗungum da ya yi rabi da rabi. Masana da dama sun ce a dubi ƙasar tukuna. Arewa da garin akwai Hirafolis mai maɓuɓɓugan ruwan zafi da marasa lafiya suke zuwa wanka, gabas da shi akwai Kolosi mai ruwan sanyi. Lawudikiya kuwa janyo ruwa take yi ta bututun dutse, waɗanda har yau ana ganin su cike da ɓawon farar ƙasa a ciki. Ruwan zafi yana warkarwa, na sanyi yana kashe ƙishi, na tsakiya ba ya ko ɗaya. Ashe zargin rashin amfani ake yi wa ikkilisiyar.

Bayan sanin garuruwa, sai kunne da ya ƙoshi da Tsohon Alkawari. Wahayin Yahaya yana da sura 22 da aya 404, kuma ko sau ɗaya bai ce kamar yadda annabi wane ya faɗa ba, amma da wuya ka wuce ayoyi biyu ba ka ji amon Daniyel ko Ezekiyel ko Ishaya ko Zakariya ko Fitowa ba. Wanda bai san waɗannan ba zai ɗauka dodanni ake nuna masa. Ga misali. A sura ta 13 wata dabba ta fito daga teku, jikin damisa, ƙafafun beyar, bakin zaki, kai bakwai, ƙaho goma. Mai gaggawa zai fara neman ƙasashe goma a labaran rediyo. Gwani kuwa sai ya koma Daniyel sura ta 7, inda dabbobi huɗu suka fito daga teku: zaki, beyar, damisa mai kai huɗu, da ta huɗu mai ƙaho goma. Ƙirga kawunan: ɗaya, da ɗaya, da huɗu, da ɗaya, bakwai ke nan. An gaya wa Daniyel a fili cewa dabbobin mulkoki ne. Yahaya ya haɗa huɗun ya mai da su ɗaya, yana nufin mulkin da ke danne masu bi ya tattara muguntar dukan waɗanda suka gabace shi. A sura ta 17 aka ƙara da cewa kawunan bakwai tuddai bakwai ne. Kowane yaro a daular Rum ya san birnin da ke kan tuddai bakwai, har akwai kuɗin ƙarfe na zamanin sarki Basbasiyan da ke nuna Rum a siffar mace tana zaune a kansu.

Wani abin da ido mai horo yake kamawa shi ne bambancin abin da Yahaya ya ji da abin da ya gani. Richard Bauckham, masani ɗan Ingila, yana cikin waɗanda suka fito da wannan sosai. A sura ta 5 Yahaya ya ji an ce Zakin kabilar Yahuza ya yi nasara. Da ya duba, Ɗan Rago ya gani, mai alamar yanka. A sura ta 7 ya ji an ƙirga 144,000 daga kabilun Isra'ila. Da ya duba, taro ya gani daga kowace al'umma da harshe, wanda ba mai iya ƙirgawa. Abin da aka gani yana fassara abin da aka ji. Nasarar da ake jira ta zo ta hanyar miƙa rai, jama'ar Allah kuma sun fi ƙarfin lissafin kowa. Wanda ya gane wannan ba zai ɗauki littafin ya mai da shi izinin ɗaukar makami ba, ba zai kuma tsorata tsofaffi da cewa kujerun sama sun kusa ƙarewa ba.

Sai lambobi, inda mutane suka fi zamewa. Gwani ya san bakwai cika ce, goma sha biyu jama'ar Allah ce, 144,000 kuma goma sha biyu ce sau goma sha biyu sau 1,000. Ya san wata 42 da kwana 1,260 da shekara uku da rabi duk abu ɗaya ne, rabin bakwai, wato wahala mai iyaka da aka yanke mata wa'adi. Game da 666, Bahaushe yana da abin da zai taimake shi. Marubutan waƙoƙinmu na ajami sukan rufe waƙa da ramzi, kalmar da in ka haɗa lissafin haruffanta za ta ba ka shekarar da aka yi waƙar. Helenawa da Yahudawa ma da haruffa suke rubuta lamba, saboda haka kowane suna yana da jimla. A bangon Fomfe, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an sami rubutun wani yana cewa yana son wadda lambarta 545. A ƙarni na 19 wasu masana a Jamus suka lura cewa in aka rubuta Neron Kaisar da haruffan Ibrananci, lissafin yana ba da 50, 200, 6, 50, 100, 60, 200, jimla 666. Nero, sarkin Rum, shi ne ya ɗora wa Kirista laifin gobarar Rum ta shekara ta 64, ya kashe su kisan wulaƙanci, bayan mutuwarsa a 68 kuma aka daɗe ana raɗe-raɗin zai dawo. Abin da ya ƙara wa wannan bayani ƙarfi shi ne wasu tsofaffin kofe na littafin, har da wani guntun takarda da aka tono a Oksirinkus ta Masar, 616 suke da ita. In ka cire harafin ƙarshe na Neron, mai daraja 50, kamar yadda Romawa suke faɗin sunan, abin da ya rage 616 ne daidai.

Duk da haka, wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne Iraniyus. A yarintarsa ya saurari Folikaf na Samirna, wanda aka ce ya san Yahaya ido da ido. Ya san akwai kofe masu 616, ya duba tsofaffi amintattu ya tsaya kan 666. Ya kawo sunaye uku na Helenanci da lissafinsu ya yi daidai, ya nuna wanda ya fi kwanta masa a rai, sannan ya ƙi yanke hukunci. Dalilinsa shi ne sunaye da yawa suna iya ba da jimla ɗaya, kuma da ana so a san sunan a lokacin, da wanda ya ga wahayin ya faɗe shi. Daga suna zuwa lamba hanya ɗaya ce, daga lamba zuwa suna kuwa hanyoyi ba iyaka. Mutumin da ke kusa da tushe haka ya ja birki, mu kuwa bayan shekara 1,800 sai mu riƙa liƙa wa shugabanni da na'urori lambar nan ba ko ɗar.

Gwani kuma yana lura da ginin littafin. Akwai hatimi bakwai, ƙaho bakwai, tasa bakwai, kowane jeri kuma yana kaiwa bakin ƙarshen duniya kafin a sake farawa. Biktorinus, wani bishof da ya rasu wajen shekara ta 304, wanda sharhinsa shi ne mafi tsufa da ya rage da harshen Latin, ya ce kada a ɗauki jerin a matsayin kwanan wata; ƙahonin da tasoshin abu ɗaya suke maimaitawa, na biyun ya fi na farkon tsanani. In ka ajiye su gefe da gefe za ka ga gaskiyarsa: ƙasa, teku, koguna, rana, sannan Kogin Yufiretis a na shida, duka biyun kuma suna tuna da annobar Masar a zamanin Musa.

Ba a ce gwanaye sun zama baki ɗaya ba. Shekara 1,000 da aka ambata a sura ta 20 ta raba su tun da daɗewa. Jastin, wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa a Rum a ƙarni na 2, ya gaskata Almasihu zai dawo ya yi mulki na shekara dubu a Urushalima, amma ya faɗa da bakinsa cewa Kirista na ƙwarai da yawa ba su yarda da haka ba. A Afirka ta Arewa, wani malami Tikoniyus ya rubuta ƙa'idoji bakwai na fassara a ƙarshen ƙarni na 4, Agustin na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ɗauke su, ya koyar da cewa shekara dubun ita ce dukan zamanin ikkilisiya daga zuwan farko zuwa na biyu. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye fiye da shekara dubu. A ƙarni na 19 John Nelson Darby ya koyar da cewa za a fyauce masu bi kafin babban tsanani, bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield a 1909 ya yaɗa koyarwar, ta iso majami'u da yawa a ƙasarmu. Alamar gwani a nan ita ce ya iya bayyana ra'ayin abokin saɓaninsa har shi abokin ya ce haka ne, ya faɗi nasa da hujja, ya kuma tuna cewa shahadar bangaskiya ta Nikiya, wadda Katolika da Otodoks da Furotesta suka haɗu a kanta, ta tabbatar da dawowar Almasihu da shari'ar rayayyu da matattu ba tare da sa rana ba.

Sa rana shi ne ramin da ya ci har masu ƙoƙari. William Miller manomi ne a jihar New York, mai tsoron Allah, wanda ya yi shekara biyu yana bin Littafi Mai Tsarki aya bayan aya. Ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel sura ta 8 a matsayin shekaru, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu, ya sauka wajen 1843 zuwa 1844. Mabiyansa suka tsaya kan 22 ga Oktoba, 1844. Dubun dubatar mutane suka jira, wasu sun bar amfanin gona ba girbi, gari ya waye ba abin da ya faru. Miller ya amsa kuskurensa a fili, wannan kuwa abin girmamawa ne. Harold Camping, mai gidan rediyo a Kalifoniya, ya sa 1994, ya sake sa 21 ga Mayu, 2011, mutane suka kashe ajiyarsu wajen tallar ranar, daga baya shi ma ya ce ya yi kuskure. Wani lokaci abin ya wuce asarar dukiya. A Kanungu ta Yuganda, ranar 17 ga Maris, 2000, ɗaruruwan mutane suka ƙone a cikin ɗakin taron wata ƙungiya da shugabanninta suka yi ta sa ranar ƙarshen duniya. Yesu da kansa ya ce sanin ranar da sa'ar na Uba ne kaɗai, ya kuma maimaita wa almajiransa kafin a ɗauke shi sama cewa sanin lokatai ba nasu ba ne. Duk lissafin da ya ƙare da kwanan wata ya saɓa wa wannan magana, komai kyan lissafin.

To, in ba don sanin rana ba, don me aka ba da annabcin? A nan ne gwani yake nuna cewa shi makiyayi ne. Yakan kai ka Matiyu sura ta 24, ya bi da kai har sura ta 25, ka ga inda maganar ƙarshen zamani ta dosa: 'yanmata da suka tanadi mai a fitilunsu, bayi da suka juya dukiyar maigidansu, da shari'ar da za a yi a kan ciyar da mayunwaci, karɓar baƙo, tufatar da huntu, duba mara lafiya da ɗan kurkuku. Yakan tuna maka cewa Bulus ya yi wa Tasalonikawa maganar dawowar Ubangiji ne don ya share hawayen waɗanda suka binne 'yan'uwansu, da wasu kuma suka ajiye sana'a suna zaman jira, ya umarce su su koma aiki su ci guminsu. Wahayin Yahaya an rubuta shi ne ga mutanen da ake matsa wa su yi wa sarki sujada, domin su jure, su san cewa zalunci yana da wa'adi kuma shari'a ta ƙarshe ba a hannun azzalumi take ba. Wanda ya taɓa binne nasa ba gaira ba dalili ya san darajar wannan albishir.

Wannan ilimi ba ya samuwa da dare ɗaya. Yana son haƙurin karanta annabawa daga farko har ƙarshe, da sanin tarihi, da zama gaban malami, da ƙarfin halin cewa wannan ban sani ba a gaban jama'ar da ke jiran amsa. Makarantun tauhidi irin na Bukuru da Jos suna koyar da shi, amma ba a kulle yake a can ba. Saboda haka, ɗan'uwa, in an turo maka saƙo ko ka ji wa'azin ƙarshen zamani, yi tambaya uku: mutanen Sardisu da Lawudikiya za su gane wannan fassara? Ta san Daniyel da sauran annabawa? Ta sa rana ko ta liƙa wa wani lamba? In ka sami malamin da ya haye waɗannan, ka riƙe shi da kyau, ka tura matasa su koya a wurinsa tun yana da rai.